Koren ganye a jikin ledar atamfa: wai ta yaya ake gane kaya mai ɗorewa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da magana kuma ina so a tattauna ta da gaske don abin ya tsaya min a rai. Bikin ƙanwar maigidana muka fitar da anko, turmi 34 na ɗauko da kaina daga Kwari, mai shagon ya nuna min wata takarda manne a jikin ledar da hoton koren ganye yace ai wannan kamfanin kayansu basa cutar da muhalli kuma masu ɗorewa ne, na yarda har na ƙara ɗari biyar biyar akan kowane turmi. Kusan rabi ni na ɗinka, dare da rana ina kan keke. Wallahi wanki ɗaya ruwan bahon ya koma kamar an yanka kaza, jan ya hau kan farin, a wanki na uku zanin ya koma kamar an shekara biyar ana ɗaura shi. Inda na zubar da ruwan a bayan gida har yau ƙasar wurin ja ce. Mata sai kallona suke kamar da gangan nayi. To ni tambayata, da me ake auna wannan ɗorewar da ake ta faɗa? Ko kuwa kowa ya ga dama sai ya buga ganye ya manna?

Anti Talatu: Wa'alaikumussalam. Sannu Maman Hanifa, nima ina cikin waɗanda suka sa ankon, babu wanda ya zarge ki wallahi, kowa ya san ba ke kika rina ba

Ummi: Anti sannu da haƙuri. Amsar a taƙaice eh, kowa ya ga dama zai iya buga koren ganye, babu wata hukuma da ta mallaki hoton ganye. Mu a makaranta a Zariya, sashen zanen kayan masana'antu, abin da aka koya mana shi ne kaya ana bin rayuwarsa ne tun daga gona har juji, wato da me akayi zaren, ina ruwan rinin ya tafi bayan an gama, wa ya saƙa wa ya ɗinka kuma nawa aka biya shi, shekara nawa zaiyi a jikin mutum, in ya mutu kuma ƙasa zata iya cinye shi ko kuwa zai zauna kamar leda. Kamfanin da ya amsa ɗaya ya ɓoye sauran bai ci jarrabawa ba. Akwai tambura na gaske da wasu ƙungiyoyi na waje suke bayarwa bayan sun bincika, kamar OEKO-TEX, shi yana zuwa da lamba a jiki wadda zaki iya shiga intanet ki duba ko gaskiya ce, amma ki lura shi abin da yake nufi kawai an gwada yadin babu guba mai cutar da fata, bai ce an biya ma'aikaci haƙƙinsa ba. Sai GOTS, shi yafi tsanani, dole aƙalla kashi 70 cikin ɗari na zaren ya zama an noma shi ba da maganin feshi da takin zamani ba, in za'a kira shi cikakke sai ya kai kashi 95, kuma suna duba yadda ake tace ruwan rini da yadda ake riƙe ma'aikata. Takardar taki akwai lamba ko sunan wanda ya bincika?

Maman Hanifa: Babu komai ƙanwata, ganye ne kawai da rubutun Turanci layi biyu, ko adireshin kamfanin babu

Ummi: To kinga, fankam fankam ba shi ne kilishi ba. Rashin adireshin ma kaɗai ya isa, mai gaskiya baya ɓoye inda yake

Alhaji Mai Gwanjo: Salamu alaikum. Ni fa 'yata duk wannan lambobin da kike lissafawa wa zai tsaya dubawa a kasuwar Wudil ranar Juma'a rana na dukan mutum. Kaya mai ɗorewa shi ne gwanjo, shekara 19 ina wannan sana'ar. Riga an riga an saka ta a can an wanke ta sau ba adadi bata mutu ba, ta ƙetaro teku tazo nan wani ya sake shekara uku da ita, ba'a noma sabuwar auduga ba ba'a zubar da sabon rini ba. Wane tambari ya kai wannan shaida

Ummi: Baba kuna da gaskiya ta wani ɓangaren, sake amfani da abin da aka riga akayi yafi yin sabo. Amma ku faɗa mana tsakani da Allah in kun fasa dila duka kuke sayarwa?

Alhaji Mai Gwanjo: Toh gaskiya a'a. A da in na ɗauko dila a Ƙofar Wambai sai dai in ware 'yan kaɗan, yanzu kuwa na saman ne masu kyau, in ka kai ƙasa sai tarkace, wasu yadin kamar takarda, wasu sababbi fil ko sawa ba'ayi ba amma ɗinkin ya riga ya saki. Su nake zubawa a tabarma ɗari biyu ɗari biyu, wanda ya ƙi tafiya masu gareji su saya su goge hannu, sauran kuwa yara su kai bola a cinna wuta. Kuma hayaƙin irin na leda ne mai kama maƙogwaro

Ummi: Abin da nake nufi kenan Baba. A Akara ta ƙasar Gana akwai kasuwar Kantamanto, masu bincike sunce kusan tufafi miliyan 15 ke shiga duk sati kuma kusan kashi 40 cikin ɗari shara suke zama, suna toshe magudanan ruwa suna taruwa a bakin teku. Tushen matsalar kamfanonin can ne irin su Shein da suke fitar da sabon yayi kullum da araha don a sa sau biyu a yar, mu kuma mu zama jujinsu kuma da kuɗinmu muke sayen sharar. Kamfani ko ya ajiye akwatin karɓar tsofaffin kaya a ƙofar shagonsa, in bai rage yawan abin da yake ƙerawa ba kwaskwarima ce kawai. Burberry ma, wani babban kamfanin tufafi na Ingila, a 2018 aka gano sun ƙona kayan da basu sayar ba na fam miliyan 28 da ɗoriya a shekara ɗaya don kar darajar sunansu ta faɗi, sai da duniya tayi musu ca sannan suka daina

Kawu Sale: Ni abin da zan ce a koma auduga kawai. Duk wannan masifar roba ce ta jawo. Muna yara gonar mahaifinmu ta gabas da gari rabinta auduga ce, kaka tayi a kai ma'auna a auna, a kwasa zuwa injin gurza, Funtuwa da Gusau duk cike suke da aiki, masaƙar Kaduna tun 1957 take, Kano ma Bompai da Sharaɗa ka wuce da asuba kaga ma'aikata kamar an tashi daga Idi. A gida kuma iyayenmu mata su gurje su shiɓe su kaɗa da mazari, a kai wa masaƙi abawa ya saƙa gwado. Gwadon kakata har yanzu yana ɗakina, shi nake rufa da sanyi, ya girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Yanzu duk ƙauyen nan babu mai shuka ko kunya ɗaya ta auduga, kowa riɗi da zoɓo da shinkafa

Nura Tela: Kawu Allah ya ƙara girma, amma naji ance ita ma audugar tana shan ruwa sosai, Ummi gaskiya ne?

Ummi: Gaskiya ne Yaya Nura. Foliyesta, wato robar da Kawu yake magana, daga man fetur ake yinta, yanzu ta haura rabin duk zaren da ake yi a duniya, bata ruɓewa kuma duk wanki tana sakin ƙananan ɓurɓushin roba a ruwa. Amma auduga ma ba waliyyiya bace. Tekun Aral da ke tsakanin Uzbekistan da Kazakistan yana cikin manyan tafkunan duniya a da, tun wajajen 1960 gwamnatin Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke zuba cikinsa guda biyu don ban ruwan gonakin auduga, yau jiragen kamun kifi suna nan zaune akan rairayi. Shi yasa ba'a tsayawa a ce auduga ce shikenan, sai an tambaya ta ina ce kuma yaya aka noma ta

Kawu Sale: To ai tamu da ruwan sama take girma 'yata, ba wanda ya taɓa tare kogi saboda ita. Feshi kam ba zan ɓoye ba, auduga tana da tsutsa, daga baya da magani yazo munyi ta fesawa ba takunkumi ba safar hannu, ka dawo gida kai na sarawa ido jajir. Wannan kam in za'a dawo da ita sai an gyara

Habu ɗan Baba Marini: Salam. Na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta yace in rubuta muku nasa, ga shi yadda ya faɗa. Yace shi bai san tambari ba amma ya san karofi. A Kura ya koyi rini wajen kawunsa, lokacin da Buzaye ke zuwa takanas sayen rawani ɗan Kura da turkuɗi. Abin da ke shiga rijiyar rini ganyen baba ne da aka daka aka busar, da toka, da katsi, da ruwa, a bari ya kwana ya kwana ana motsawa da muciya har ya nuna ya fara kumfa, shi da wari kawai yake gane ya nuna. In aka tsoma fari aka ɗago da farko kore kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa a sake ɗagowa har ya kai yadda ake so, daga nan sai mabuga su buge shi da guduma akan gungume har ya ɗau ƙyalli. In rijiya ta gaji kuma ba'a zubar da lakar ƙasan, a kwashe a dunƙula a busar a ƙona ta zama katsi, wani ya koma cikin sabon rini wani a haɗa shi da gashin jima ayi laso na shafen soro da ita kanta rijiyar. Yace ku nuna masa abu ɗaya da aka yar a cikin wannan aikin. Karofin Ƙofar Mata ma tun 1498 ake lissafa shi, da guba ne da unguwar ta tashi tuntuni

Maman Hanifa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Amma Habu tambaye shi, ai ɗan Kura ma yana zuba a jiki ko?

Habu ɗan Baba Marini: Yace eh yana shafar fata kuma masu sayen ma haka suke so, amma shi baba ne aka ƙara aka buga a saman don ƙyalli, ba irin zubar atamfarki bace da launin ke guduwa ya bar yadi fayau. Shuɗin da ya kama zare yana nan har yadin ya mutu

Anti Talatu: Ni dai bari in faɗi wadda ba za'a so ba. Ba duk abin da akace na gida ne yake da tsabta ba. Masu rinin shadda na yanzu ai ba baba suke amfani da shi ba, garin kala ne na kanti da soda da wannan farin garin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a tafasa a rabin duro, ɗan yayata yana yi a birni hannunsa duk ya tsattsage kamar kaushi, in sun gama kuma a tuntsurar a kwata, awaki su sha yara su taka. Sannan maganar haƙƙi, shekara nawa ina ɗinkin hula a ɗaki, hula ɗaya mai aiki sosai sai in kusa wata a kanta, idona yanzu ko zare bana iya zurawa sai jikata ta zura min, dillali yazo ya bani abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba, in an wanke an buga an kai birni naji farashin da ake sayarwa sai da na zauna. To wannan hular ta hannu ce ta gida ce ba inji ba hayaƙi, amma mai ɗorewa ce? Ni da nake yi ai ban ɗore ba, 'ya'yana ma babu wadda ta yarda ta koya

Ummi: Anti wallahi kin taɓo inda yafi ciwo. Abin da ya farkar da duniya kenan, ranar 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum 1,134 suka rasu yawancinsu mata masu ɗinki, kuma tun ana gobe anga bangon ya tsage amma aka tilasta musu shiga aiki. A cikin ɓaraguzan aka riƙa tsintar tamburan manyan shagunan Turai da Amurka. Tun daga nan ne aka ƙara matsa wa kamfanoni su wallafa sunayen masana'antun da ke musu ɗinki. Kuma yadda kika faɗa ma'aunin nan bai tsaya kan Turawa ba, ya hau kan dillalin hula ya hau kanmu

Malam Liman: Assalamu alaikum. Abin da Talatu ta faɗa addini ya riga kowa faɗa, Manzon Allah SAW ya umarci a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma yace wanda yayi mana algus baya cikinmu. Manna ganye a kan kayan da ka san zai zuba algus ne. Teloli kuma ku duba yaran da ke shagunanku, yaro ya shekara huɗu yana aikin maɓalli da guga har ƙarfe biyun dare a watan azumi a sallame shi da kuɗin kati, wannan ma za'a tambaya

Nura Tela: Malam mun ji kuma gaskiya ne, Allah ya bamu ikon gyarawa. Ni ta ɓangaren yanka nake so in ƙara don shi na sani. Ku duba babbar riga ko zani ko buje irin na da, duk a miƙe ake yanka su, kusan ko ƙyalle baya faɗuwa ƙasa, in mai shi ya rasu ƙaninsa ya sa, zani kuwa yau ɗaurawa gobe goyo jibi shimfiɗar jariri daga ƙarshe tsumma. Yanzu a kawo maka hoto a waya ace wannan ake so, fitet mai yanka goma sha, a bi da gam a manna duwatsu, turmi guda sai ka share kusan yadi a ƙasa, kuma an ɗame shi a jiki ko yatsa ba'a bari a ciki ba, ta haihu sau ɗaya ya daina shiga. Ni yanzu dole nake barin inci ɗaya da rabi a kowane gefe ko ba'a ce ba don a iya buɗewa, kuma ƙyallayen ina tarawa a buhu wata tsohuwa tana zuwa ta karɓa tana haɗa zanin gado da matashi. Ɗorewa tun a kan teburin yanka take farawa

Hajiya Babba: Duk naji bayananku amma ku tuna da talaka. Mace mai 'ya'ya bakwai sallah ta taho, kuce ta sayi Holan ko gezna? Abin da kuɗinta ya kai shi zata saya ko da wanki ɗaya zaiyi, yaro dai ya fita cikin 'yan uwansa

Maman Hanifa: Hajiya wannan haka yake kuma ba mai ganin laifinta. Amma ni da nayi lissafi abin ya bani tsoro, atamfar da aka sa min a lefe shekara 11 kenan har yau ina zuwa unguwa da ita, na sa ta yafi sau ɗari, wannan ankon kuwa dubu tara da ɗinki dubu uku sau uku aka sa, kowace sawa ta tashi a dubu huɗu kenan. To wanne ne mai tsadar? Talakan ma shi aka fi cuta don shi ne zai sake komawa kasuwa

Hajiya Babba: Araha bata ado dama. Amma kuɗin ne basa zuwa a dunƙule 'yar nan, shi yasa. Ni inda na yarda da ku shi ne ankon nan yayi yawa, bana kaɗai biki shida anko shida, har da na kamu daban na wuni daban, akwatina ya cika da kayan da ba zan sake sawa ba don kowa ya san na bikin wance ne

Malam Liman: Hajiya wannan shi ne almubazzarancin da aka hana, kuma ku manya ku ne zaku iya tsayar da shi, in uwar biki tace kowa yazo da abin da yake da shi babu mai musa mata

Alhaji Mai Gwanjo: Ni dai ku bani abin da zan iya yi da hannuna a kasuwa ba sai na buɗe data ba

Ummi: Akwai Baba. Ku jiƙa farin ƙyalle ku goga da ƙarfi a gefen yadin, in ya ɗauko kala to zai zuba. Ku ɗaga shi a rana, in kuna hango mutum ta ciki saƙar bata da yawa sitaci ne ya cika shi. Sannan ku zari zare biyu uku a bakin yadin ku sa ashana, auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai tauri da warin leda. Sai dai wannan ingancin yadin kawai zai nuna muku, ba zai nuna ko an biya wanda ya saƙa ba, wannan sai an tambaya an kuma dage da tambaya

Maman Hanifa: Yanzun nan na gwada da ragowar ƙyallen ankon a bakin murhu. Narkewa yayi ya manne a tsinken, ga baƙin hayaƙi, kuma a jikin ledar an rubuta auduga zalla ɗari bisa ɗari. Ranar Asabar zan shiga Kwari da ƙyallen da ashanata in nuna masa a gaban maƙwabtansa, ba rigima zanyi ba amma ya san na sani. Habu dan Allah tambayi Baba ko har yanzu yana karɓar aiki, ina da farin yadi na auduga guda biyar ina so in gwada ɗinka wa yara 'yan riguna in ga ko mata zasu saya

Habu ɗan Baba Marini: Yace rijiya ɗaya ce ta rage masa mai rai kuma sai an sake haɗa ta, baban ma sai ya aika an nemo don yanzu ba kowa ke shukawa ba, ki bashi sati huɗu. Yace ki wanke yadin ki cire sitacin tas kafin ki aiko, kuma ki fara gwada shi da ashanar nan tukuna, don roba bata kama baba

Anti Talatu: In rigunan sun fito ki kawo min biyu in musu aikin wuya da hannu, amma ni zan faɗi kuɗin aikina wannan karon

Maman Hanifa: Ke zaki faɗa Anti. Habu gobe in sha Allah Hanifa zata kawo yadin bayan la'asar